Yazawa Mai Aure da Manomin Gulbin Rima

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, a kan yi bikin dashen itatuwa a jihar nan tamu ta Sakkwato. A kafa rumfuna, a jera kujeru, makaɗa su goce, babban baƙo ya tattare riga ya durƙusa ya dasa itace guda, a ɗauki hoto, a tafa. Daga nan sai a loda 'yan tsirrai cikin baƙaƙen ledoji a bayan mota a nufi ƙauyuka da su. A shekarun baya dogon yaro ne sarkin biki. Yanzu kuwa zance ya koma kan itatuwan da ke kawo kuɗi, kuma cikin waɗanda a ke kwaɗaita wa manoma har da yazawa, wadda 'yan kasuwa ke kira kashu. An ce akwai ingantaccen iri, mai aure, mai saurin haihuwa, mai manyan ƙwaya. An ce wanda ya dasa hekta guda ya yi wa 'ya'yansa asusu.

To, amma wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo da bazara, ko ya ratsa ƙauyukan Raba, zai ga gonakin gero da dawa a share, da gawo da aduwa da magarya jefi-jefi, zai kuma ga koren albasa da tafarnuwa a fadama. Da wuya dai idonsa ya faɗa kan garkar yazawa. In ka tambayi dalili a ofis, ko ma a ɗakin lacca, amsar ba ta wuce guda: wai manominmu jahili ne, ba ya son canji, abin da ya tarar kakansa na yi shi zai yi har ya koma ga Mahaliccinsa. Mun ji wannan magana har ta gundure mu, mun kuma karanta ta a ƙarshen kundayen binciken 'yan'uwanmu ɗalibai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan mujalla ba ta yarda da ita ba.

Ya kamata tukuna mu fahimci abin da a ke nufi da ingantaccen irin yazawa, domin da yawa cikin masu tallarsa ba su taɓa tsayawa sun yi bayaninsa ba. Yazawa itaciya ce wadda ƙudan zuma da sauran ƙwari ke ɗaukar garin furenta daga wannan zuwa waccan. Saboda haka ƙwayar da aka tsinta a gindin uwa mai albarka ba lalle ne ta gaji uwar ba. An san uwa, ba a san uba ba. Mutum na iya shuka ƙwaya 100 daga itaciya guda, ya yi ta wahala shekara 4 ko 5, sa'an nan ya tarar waɗansu na zuba 'ya'ya, waɗansu sai ganye da inuwa, waɗansu kuma ƙwayarsu mitsi-mitsi ce, ba mai sayenta da daraja. Maganin wannan caca shi ne aure, kamar dai yadda a ke yi wa mangwaro. A shuka ƙwaya a leda, in ta yi wata 2 ko 3 a yanke kanta, a tsaga, a soka ɗanyen reshen da aka yanko daga itaciyar da aka riga aka san halinta, a ɗaure. In ya kama, abin da zai tashi zai ɗauko halin uwar reshen sak, ya kuma fara haihuwa cikin shekara 2 zuwa 3. Sirrin ke nan dukkansa, kuma ba mu musun amfaninsa ko kaɗan.

Ba mu kuma musun cewa akwai kuɗi a yazawa. Asalinta daga arewa maso gabashin Barazil ne, Turawan Fotugal suka yaɗa ta zuwa gaɓar Afirka da Indiya tun ƙarni na 16. A Nijeriya an daɗe ana shan 'ya'yanta ana yar da ƙwayar, sai a shekarun 1950 gwamnatocin Jihar Gabas da Jihar Yamma suka buɗe manyan gandayenta. Daga baya aka ɗora wa Cibiyar Binciken Koko da ke Badun alhakin bincike a kanta, kuma cibiyar na da reshe a Ochaja, cikin Jihar Kogi ta yanzu. A yau Kogi da Kwara da Oyo da Inugu da Binuwai su ne gidan yazawa, ƙwayar Ogbomosho kuwa ta yi suna wajen masu saye. Mafi yawan abin da aka tara a kan fitar da shi ɗanye ta tashar jiragen ruwa ta Ikko zuwa Biyetnam da Indiya, can a fasa, a gyara, a sayar wa Turai da Amurka da tsada. Watau tsohon labarin gyaɗa da auduga ne aka sake wa riga. Ƙasar Kwaddibuwa, wadda ta fara dasa yazawa a arewacinta wajen 1960 don kare ƙasa daga zaizaya, yanzu ita ce kan gaba a duniya wajen ɗanyar ƙwaya, tana tara fiye da tan miliyan 1 a shekara. Kakar yazawa kuma tsakanin Fabrairu da Mayu ta ke zuwa, daidai lokacin da hatsin talaka ya yi ƙasa a rumbu kuma a ke neman kuɗin taki. Kowa ya ji wannan dole ransa ya biya.

Sai dai mu yi tambaya: yaushe manomin Gulbin Rima ya taɓa ganin abu mai amfani da idonsa ya ƙi shi? Kakanninmu da jigo su ke ban-ruwa, guga bayan guga, tun asuba har rana ta take. Da ƙananan injunan ban-ruwa da rijiyoyin bututu suka shigo fadama a shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a shekarun 1990, ba a tilasta wa kowa ba. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya shayar da filin da ke cin yini guda kafin hantsi, sai ya kai rago kasuwa ya sayo nasa injin. Yau sai an yi cigiya kafin a ga jigo. Haka aka karɓi takin zamani har ya zama abin rububi, haka aka karɓi shinkafa mai saurin nuna, da kankana, da maganin feshi. Albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo na kaiwa kasuwannin kudu har da ƙetaren iyaka, kuma manomin da ke adana albasarsa wata da watanni yana jiran farashi ya tashi ya fi mu sanin riba da faɗuwa, mu masu alƙalami da allo. Ko auren itace ba baƙonsa ba ne, domin ya san bambancin mangwaro ɗan aure da na gargajiya, yana kuma biyan kuɗi ya sayi dashensa in yana da garka kusa da ruwa. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. In mutumin da ya karɓi waɗannan abubuwa duka ya ja da baya ga yazawa, to, akwai abin da ya hango.

Sama ya fara dubawa. Wuraren da yazawa ta yi ƙarfi suna samun ruwan sama milimita 1,000 zuwa sama a shekara. Mu nan abin da mu ke samu bai cika wuce 600 zuwa 700 ba, cikin wata 4, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ma ba ya kaiwa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da ransu. Gaskiya ne yazawa na da jimirin fari in ta girma, tana son ƙasa mai rairayi irin jigawarmu, tana ma bukatar rani kafin ta yi fure. Amma rayuwa daban, haihuwa daban. Cikin hunturu ta ke fure, ta ɗaura 'ya'ya ana shiga bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma babu ɗigon laima a iska. A irin wannan yanayi fure kan bushe, ƙananan 'ya'ya su kakkaɓe tun ba su kai ko'ina ba. Ku dubi maƙwabtanmu. Burkina Faso na noman yazawa sosai, amma a kudu maso yammacinta, wajen Banfora da Bobo, inda ruwa ya fi sauka. Sanigal ma mafi yawan tata a Kasamas ta ke, can kudu. Irin da aka zaɓa a Badun ko Ochaja an zaɓe shi ne a ƙasar da damina ke kusan ninka tamu tsawo. Saboda haka in an ce ingantacce, sai mu ce ingantacce a ina? Duk wanda ya ce wa manomi wannan iri na ba da buhu kaza a hekta, ya kamata ya iya kama hannunsa ya kai shi garkar da ke cikin ƙasar Sakkwato inda aka auna hakan shekara 5 a jere. In ba zai iya ba, to, gwaji ya ke son a yi, kuma da gonar talaka da guminsa za a yi shi.

Mai karatu zai ce, ai ga ruwa nan a Goronyo. Haka ne. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 a kan Gulbin Rima, an yi ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ga kuma tsohon aikin ban-ruwa na Wurno. Amma fadama ita ce idon manomi. Ɗan fili kaɗan na ba shi shinkafa da damina, albasa ko tafarnuwa ko alkama da rani, kuɗi a hannu cikin wata 4. Wa zai kafa itaciya mai faɗin rassa a nan, wadda a ke ba tazarar mita 9 ko 10 tsakaninta da 'yar'uwarta, ta tare wa shukarsa rana? Bugu da ƙari, yazawa ba ta shiri da kwanciyar ruwa. In saiwarta ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta ci garuruwa a Goronyo da Wurno har ta yanke hanyar jami'a a Kwalkwalawa, ta nuna yadda fadamar Rima ke yi in ta fusata. In ruwa ya ci shinkafa asarar shekara guda ce, in ya ci garka kuwa wahalar shekaru ce ta tafi. Saura tudu ke nan, inda ƙasar ta dace da yazawa amma ruwa ya yi nisa.

Abin da ke faruwa a tudu, ɗaya daga cikinmu ya gani da idonsa a gonar kawunsa, kuma mun ga ya dace mu ba da labarin yadda ya ke. Wani ofis ya aiko da dashe garinsu a ƙarshen Satumba, damina na ban kwana, aka ba kawun nasa guda 20. Babu takarda a jikinsu mai faɗin sunan irin ko inda aka samo shi. Da ya yage leda sai ya tarar saiwar waɗansu ta nannaɗe kamar gammo saboda daɗewa a wurin reno, alhali yazawa doguwar saiwa gare ta mai nitsawa ƙasa, ba ta kuma son a taɓa mata ita. Duk da haka ya dasa. Ruwa ya ɗauke bayan kwana kaɗan, sai ya shiga aika yara da jaki rijiya, safe da yamma. Aka kawar da amfanin gona, aka saki dabbobi kamar yadda aka saba, kuma a cikin wannan fili fetal babu wani kore sai dashen nan. Kowa ya san abin da akuya za ta yi. Ya sari ƙaya ya kewaye kowanne, mata masu neman makamashi da iskar hunturu suka rage masa ita. Gara ta bi ta ƙasa ta ɗauki rabonta. Kafin watan Afrilu guda 3 suka rage. Abin takaicin ma bai ƙare ba, domin da ɗan'uwan namu ya duba sai ya ga a biyu daga cikin ukun reshen auren ya bushe, tohon da ya fito daga ƙasan ɗaurin shi ya tashi. Ba wanda ya taɓa gaya wa dattijon cewa irin wannan toho cire shi a ke yi. Watau wata 7 ya yi yana shayar da yazawa gama-gari, yana tsammanin mai aure ce.

Da ɗan nasa ya tambaye shi ko zai sake karɓa baɗi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, itacen kyauta aka ba ni, amma ƙaya da ruwa da jakin da na gajiyar, su ba kyauta ba ne. Ku da kuka yi boko, ku lissafa mini." Mun lissafa, kuma Kawu ya fi mu gaskiya. A takardar ofishin nan kuwa, babu shakka, an rubuta cewa manomi guda ya amfana da dashe 20.

Akwai kuma tambayar da takardun bincikenmu ba su cika yi ba. Mu kan tambayi manomi shekarunsa, da yawan iyalinsa, da ko ya yi makaranta, da ko yana sauraren rediyo, mu zuba a kwamfuta ta fitar mana da jadawali. Ba mu cika tambayarsa gonar ta wa ce ba. Alhali kuwa da yawa cikin masu noma a wannan yanki aro su ke yi, ko haya, ko jingina, ko kuwa gonar gado ce wadda ba a raba ba tukuna. A al'adarmu wanda aka ba aron gona ba ya dasa itace a cikinta, domin dasa itace kamar kafa tuta ne. Mai gona zai ɗauka ana shirin raba shi da ita, ya karɓe abarsa tun kafin damina. Samari, waɗanda su ne suka fi son gwada sabon abu, a gandun mahaifinsu su ke aiki, abin da ke hannunsu bai wuce 'yar gayauna ba. Mata suna gadon gona bisa shari'a, amma sau da yawa 'yan'uwansu maza ko mazajensu ke noma ta, kuma ba a kiransu wurin rabon dashe, ko da ya ke su ne suka raini zogale da lalle a bayan ɗaki shekara da shekaru ba tare da taimakon kowa ba.

A kan wannan sai a ƙara tsohon tsoron hukuma. Tun zamanin Turawa dokar gandun daji ta koya wa manomi cewa itace kayan gwamnati ne: sai da izini zai sare wanda ya tsiro a tsakiyar gonarsa, in ya kuskure malamin daji ya ci shi tara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, talakan ƙauye kuwa ba shi da takardar kome sai shaidar mai gari da maƙwabta. Kuma mutanen wannan yanki ba su manta da Bakolori ba. Can kusa da Talata Mafara, sa'ad da ta ke cikin Jihar Sakkwato, an karɓe gonaki an tumɓuke itatuwa don aikin madatsar ruwa, manoma suka yi ta jiran diyya, da suka tare hanya suna neman hakkinsu sai aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, aka kashe mutane da dama. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Mu leƙa ƙetaren iyaka kaɗan mu ga abin da ke faruwa in aka cire wannan tsoro. A Jihar Maraɗi ta Jumhuriyar Nijar, daga wajen 1984, manoma suka shiga abin da su ke kira sassabin zamani, watau in ana sharar gona a bar tohon gawo da kalgo da sabara da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a zaɓi masu ƙarfi a sassabe sauran. Ba leda, ba mota, ba rumfa. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ya sara in ya ga dama ya sayar in ya ga dama, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, har masana suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar ya kai hekta miliyan 5. Hausawa ne irinmu, ruwansu ma bai kai namu ba, kuma ba su fi manomanmu yawan masu takardar makaranta ba.

Sai kasuwa. Manomin albasa ya san ranar kasuwar Goronyo da ta Acida, ya san dillalinsa, ya san motar da za ta ɗauka. Mai buhu 2 na ƙwayar yazawa a ƙauyen Raba wa zai kai wa? Masu saye suna can Kogi da Kwara da Oyo inda su ke cika tirela cikin kwana kaɗan, tashar Ikko kuwa na da nisan kimanin kilomita 1,000 daga nan. Ba ɗan kasuwar da zai turo mota don buhu 10, kuma ba manomin da zai dasa don mai sayen da bai taɓa gani ba. Su masu sayen ma ƙa'ida gare su: su ƙirga yawan ƙwaya a kilo guda, su fasa su auna abin da ke ciki, su duba bushewa, kuma wanda bai san wannan awo ba a kan yi masa yankan ƙauna. Farashi a Biyetnam da Indiya a ke yanka shi. Ya hau sama a 2017, ya rikito a 2018 da 2019, manoman Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu. Ba abinci ba ce da za a ce in kasuwa ta ƙi a tuƙa tuwo da ita. Ɓawon ƙwayar na da mai mai ƙuna wanda ke sale fatar hannu in ba a iya fasawa ba, 'ya'yan kuwa kwana ɗaya ko biyu su ke yi su lalace. Dattawan da suka ga yadda cutar gyaɗa ta 1975 ta rushe dalar Kano, suka kuma ga an soke hukumomin ciniki a 1986 aka bar manomi da 'yan baranda, ba su bukatar lacca a kan amfanin gonar da ba a ci.

Mun bar mafi nauyi a ƙarshe domin alƙalami na nauyin rubuta shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke can, don jama'a su sami amincin zama wuri guda su yi noma da sana'a. Yau jikokin mutanen da ya zaunar suna kwana da ido ɗaya. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Raba, garin haihuwar Sardauna, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi gudun hijira. A watan Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, aka kashe mutane masu yawa. Akwai ƙauyukan gabashin jihar nan da aka ɗora wa haraji kafin a bar su su yi shuka ko girbi, akwai gonakin nesa da gari da aka daina zuwa. Dasa itace alkawari ne tsakanin mutum da wuri, cewa zai kasance a nan bayan shekara 3, da bayan shekara 10. Gero kwana 90 ya ke bukata, akuya kuwa ana iya kora ta gaba in gudu ya kama. Duk jami'in da ya rubuta rahoto a kan ƙin karɓar dashe a Raba da Goronyo bai ambaci wannan ba, ko dai bai je ba, ko kuwa ya je bai saurara ba.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a bar zancen yazawa ba, domin ƙasarmu na bukatar itatuwa, manominmu kuma na bukatar kuɗin bazara. Cewa mu ka yi a daina fafe gora ranar tafiya. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015 kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ta ke aiki, da ma'aikatun gona da na gandun daji na jiha, da masanan aikin gona na jami'o'inmu, su fara da filin gwamnati da kuɗin gwamnati: a dasa iri dabam-dabam a tudun Wurno da na Raba da na Goronyo, a bakin hanya inda mai zuwa kasuwa zai gani, a auna shekara 5, a faɗi sakamako ko da bai yi daɗi ba. Kafin nan a bi gidaje da makarantu da tsofaffin garake a nemo 'yan itatuwan yazawar da suka riga suka jure zafinmu suna haihuwa, domin reshensu ya fi na baƙuwa amana. A koya wa samarin ƙauye aure, sana'a ce da wuƙa mai kaifi da zaren leda suka ishe ta, don dashe ya fito daga garin da za a dasa shi, ya shiga ƙasa a watan Yuli, saiwarsa ba ta sha jijjigar mota ba. Guda 5 a kusa da rijiya ko cikin gida, da shinge mai ƙarfi, a hannun matar da za ta zuba musu ruwan wanke-wanke, sun fi 100 a dajin Allah. In gwaji ya nuna cewa mangwaro ko zogale ko dabino ko ƙaro ya fi yazawa dacewa da wani wuri, a faɗi haka, kada a ji kunyar kwangilar da aka riga aka bayar.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki, ku ne ke cike takardun nan. Mun san ƙaramin ma'aikaci ba shi ke yanke shawara ba, mun san akwai malamin gonar da ke da garuruwa da yawa a wuyansa ba shi da ko man babur. Amma shafin da a ke rubuta yawan dashen da aka raba, ba abin da zai hana a ja masa layi a gefe a rubuta yawan da suka ga damina ta biyu. Mu ma ɗalibai za mu yi namu. Muna roƙon duk wanda zai je gida hutun nan a ƙasar Wurno, Raba ko Goronyo, in hanya ta yi kyau, ya zaga inda aka raba dashe bara, ya gaida masu gonakin da ladabi, ya rubuto sunan garin, da yawan da aka bayar, da watan da aka kawo su, da yawan da ke raye, da abin da mai gonar ya ce ya kashe sauran. A miƙa wa edita a ofishin ƙungiya cikin mako biyun farko na komawa karatu, za mu buga abin da aka samu a fitowa ta gaba, gari bayan gari.